Feng Youlan da Ɗalibin da Ya Kai Littafinsa Duniya

  Ina fata karatu yana tafiya daidai, kuma masu shirin WAEC da NECO ba su ajiye littafi suka kama hira ba.

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Sin, wadda tun muna yara muke jin sunanta a duk lokacin da ake maganar nisan da ya kamata a yi don neman ilimi. Labarin mutum biyu ne na kawo muku, malami da ɗalibi. Malamin Basine ne mai suna Feng Youlan. Ɗalibin kuwa Ba'amurke ne, sunansa Derk Bodde. Ɗaya ya rubuta littafi, ɗayan ya fassara shi, kuma da babu na biyun, da wuya sunan na farkon ya kai inda ya kai a duniya.

Wane ne Feng Youlan?

An haife shi a shekarar 1895 a gundumar Tanghe da ke lardin Henan. Feng sunan zuriyarsu ne, domin Sinawa sunan gida suke fara kira kafin sunan yanka. Ya taso a lokacin da ƙasarsu take cikin mawuyacin hali. Turawa da Japanawa sun ci ta da yaƙi sau da dama, sun tilasta mata yarjejeniyoyi na wulaƙanci, sannan daular Qing da ta yi mulki fiye da shekara 260 ta faɗi a 1912. Matasa 'yan boko da yawa sun ɗora laifin wannan koma baya a kan tsohon ilimin kakanninsu, musamman koyarwar Konfushiyus, wanda ya rayu tsakanin 551 da 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ganinsu a tattara tsoffin littattafan nan a jefar, a rungumi ilimin Turai kawai.

Feng ya gama Jami'ar Beijing a 1918, ya wuce Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York a Amurka, inda ya yi karatu a gaban shahararren malamin nan John Dewey, ya sami digirin dakta a 1924. Fanninsa shi ne falsafa. Kada kalmar ta ba ku tsoro. A wurin Feng, falsafa ita ce mutum ya natsu ya yi tunani a tsare a kan rayuwar da yake ciki: mene ne daidai, me ya sa yake daidai, kuma yaya aka yi na san haka? Ita kanta kalmar baƙuwa ce da fassara ta kawo mana. Asalinta daga Girkanci ne, Larabawa suka ɗauke ta a zamanin da ake juya littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, mu kuma muka karɓa daga Larabci.

Da ya koma gida, ya zama malami a Jami'ar Tsinghua da ke Beijing. A nan ya rubuta littafin da ya fito da sunansa, wato Tarihin Falsafar Sin. Juzu'i na farko ya fito a 1931, na biyu a 1934. Kafin shi wani masani, Hu Shih, ya fara irin wannan aiki a 1919, amma a juzu'i na farko ya tsaya. Feng ne ya bi tarihin tun daga zamanin Konfushiyus har zuwa ƙarshen daular Qing, sama da shekara dubu biyu ke nan. Ya ɗauki dabarun binciken da ya koyo a Amurka ya tsara tunanin kakanninsa da su: wane ya ce me, wace hujja ya kawo, wa ya ƙalubalance shi. Da wannan ya ba da amsa ga mutane iri biyu, Turawan da ke cewa Sinawa ba su da falsafa sai karin magana, da kuma 'yan ƙasarsa masu cewa babu abin ɗauka a tsohon ilimi.

Sai dai akwai matsala. Da Sinanci aka rubuta littafin, kuma Turawan da yake son ba wa amsa kaɗan ne cikinsu ke iya karanta Sinanci.

Shekara goma sha shida tsakanin juzu'i biyu

A nan Derk Bodde ya shigo. An haife shi a 1909, ya zo Beijing karatu a 1931, daga baya ya riƙa zama a ajin Feng. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya ɗaura niyyar juya littafin malaminsa zuwa Turanci. Yana fassarawa, malamin yana duba abin da ya yi. Juzu'i na farko ya fito a Beijing a 1937.

A cikin wannan shekarar, a watan Yuli, yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan. Malamai da ɗaliban manyan jami'o'i uku, Beijing da Tsinghua da Nankai, suka yi hijira zuwa kudu, daga ƙarshe suka yada zango a birnin Kunming suka haɗe suka zama jami'a guda. Feng yana cikinsu. Bodde kuma ya bar ƙasar, ya kama koyarwa a Jami'ar Fensilbaniya a Amurka. Aikin fassara ya tsaya cak.

Bayan an gama yaƙi, a 1946, Feng ya je Fensilbaniya a matsayin malami baƙo, suka sake ɗaukar aikin. A 1948 Bodde ya koma Beijing da tallafin karatu na Fulbright don ya ci gaba, yana can sojojin Kwaminis suka shiga birnin a farkon 1949. Juzu'i na biyu bai fito ba sai 1953, daga maɗaba'ar Jami'ar Firinston. Ku lissafa: shekara goma sha shida tsakanin juzu'in farko da na biyu, kusan shekarun da yawancinku kuka yi a duniya. Haƙuri maganin zaman duniya, in ji Bahaushe. Wannan fassara ta zama littafin da jami'o'in Turai da Amurka suka daɗe suna koyar da falsafar Sin da shi.

Zaman Fensilbaniya ya haifar da wani littafin ma. Laccocin da Feng ya yi wa ɗalibai da Turanci, Bodde ya taimaka aka gyara su, suka fito a 1948 da sunan Taƙaitaccen Tarihin Falsafar Sin. Abin mamaki, shekara da shekaru ana karanta wannan littafi a ƙasashen waje, amma ɗan ƙasar Sin da bai ji Turanci ba bai da hanyar karanta shi. Sai a 1985 wani ɗalibin Feng mai suna Tu Youguang ya mayar da shi Sinanci, matasan ƙasar suka yi rububinsa. Littafin Basine a kan ilimin Sinawa, sai da tafinta ya raka shi kafin ya shiga gidansu.

Wahalar kalma ɗaya

Kada ku zaci fassara ɗauko kalma ce daga ƙamus a maye gurbin wata. Ga misali. Babbar kalma a koyarwar Konfushiyus ita ce ren. A rubutun Sinanci, alamar wannan kalma haɗin alamomi biyu ce, ta mutum da ta lamba biyu, kamar ana nuna cewa hali ne da ba ya bayyana sai tsakanin mutum da ɗan'uwansa. To, da wace kalmar Hausa za ku fassara ta? In kun ce tausayi, kun kama gefe guda. In kun ce mutunci, kun kama wani gefen. Kirki ya fi kusa, amma shi ma bai tattara duka ba. Bodde sai da ya yi amfani da wata haɗaɗɗiyar kalmar Turanci mai ma'anar zuciya irin ta ɗan Adam, wasu masu fassara kuma suka zaɓi wasu kalmomin daban.

Wata kalmar ita ce junzi. Asalinta tana nufin ɗan basarake, amma Konfushiyus ya juya ta ta koma nufin mutumin da ya gyara halinsa, ko ɗan wane ne shi. A nan Hausa ta yi sa'a, domin muna da kalmar da ta yi irin wannan tafiya. Dattijo asalinsa mai shekaru ne, amma yau za ka ji an ce wa saurayi ɗan shekara ashirin da biyar dattijo ne saboda dattakonsa, a kuma hana wani mai furfura sunan. Sai kalmar dao, wadda take nufin hanya ta zahiri da ake takawa, take kuma nufin tafarkin da rayuwa da halitta suke bi.

Feng ya san wannan wahala sarai, don shi ma ya taɓa fassara wani sashe na tsohon littafin Zhuangzi zuwa Turanci. Ra'ayinsa shi ne kowace fassara sharhi ce. Tsoffin malaman Sin suna magana a dunƙule, jimla guda tana iya ɗaukar ma'ana uku, shi kuwa mai fassara dole ya zaɓi ɗaya ya bar sauran. Ya kan kawo kwatancen Kumarajiva, wani mai fassara da ya rayu a ƙarni na 4 zuwa na 5, wanda ya kamanta aikin da tauna abinci a ba wani. Wanda aka tauna wa zai ƙoshi, amma ɗanɗano ya ragu. Duk da haka Feng bai hana a fassara littafinsa ba, shi ne ma ya tsallaka teku don a ƙarasa. Da babu gara ba daɗi.

Matakai huɗu

Me za ku samu in kuka buɗe littattafansa? Bari in ba ku abu guda da aka fi saninsa da shi. A zaman hijira na Kunming ya rubuta jerin littattafai shida tsakanin 1939 da 1946, inda ya shimfiɗa nasa tunanin. A ciki ya ce rayuwar mutane tana da matakai huɗu, kuma abin da ya raba su shi ne gwargwadon fahimtar da mutum yake da ita game da abin da yake aikatawa.

Mu ɗauki sharar aji. Ɗalibi na farko yana shara ne don haka ya ga ana yi, bai taɓa tambayar dalili ba. Wannan shi ne matakin ɗabi'a da sabo. Na biyu yana shara don kada monita ya rubuta sunansa, ko don a ba shi muƙami a zango mai zuwa. Wannan matakin neman amfanin kai ne. Feng bai ce lallai mugun abu ne ba, domin aikin yana iya amfanar wasu, amma lissafin mai yin sa a kansa yake farawa, a kansa yake ƙarewa. Na uku ya gane cewa shi ɗan wannan aji ne, lafiyar 'yan ajin tana wuyansa, zai share ko ba wanda ya gani. Wannan matakin ɗa'a ne. Na huɗu, wanda Feng ya kira matakin sama da ƙasa, shi ne na mutumin da ya gane cewa bayan al'umma akwai abin da ya fi ta girma, wato halitta baki ɗaya, shi kuma ɓangare ne nata, da wannan sanin yake yin ko da ƙaramin aiki.

Tsintsiya ɗaya ce, aji ɗaya ne, mai kallo daga taga ba zai bambanta su ba. Feng ya ce matakai biyu na farko kowa yana samunsu ba tare da wahala ba, biyun ƙarshe kuwa sai an yi aiki a kan kai. Kowannenmu zai iya tambayar kansa a wane mataki yake lokacin da malamin da ke tsaron jarrabawa ya fita daga ɗaki.

Inda za mu rabu da shi

Karanta mutum daban, bin sa daban. Feng yana ganin falsafa za ta iya biya wa mutum buƙatar da addini yake biya, har yana hasashen wata rana za ta maye gurbinsa. Musulmi ko Kirista ba zai yarda da wannan ba, ni ma ban yarda ba. Amma ku lura da abu guda. Mun san ya faɗi haka ne saboda waɗanda suka kawo mana maganarsa ba su goge wurin don su faranta wa mai karatu ba. Mai fassarar da yake cire abin da bai yi masa daɗi ba, ko ya cusa nasa ra'ayin a bakin marubuci, ya ci amanar mutum biyu, marubucin da kuma mai karatu. In kana da raddi, ka fassara maganar yadda take tukuna, sannan ka buɗe sabon shafi ka rubuta raddinka da sunanka.

Rayuwar Feng ma tana da tabo. Ya koma gida a 1948 alhali yana da damar zama a Amurka. Bayan Kwaminis sun kafa gwamnati a 1949, ya sha suka da matsin lamba, aka sa shi ya riƙa rubuta takardun sukar kansa. A lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an wulaƙanta malaman jami'a da yawa, har da shi. A 1973, da aka ƙaddamar da gangamin sukar Konfushiyus, Feng ya shiga ciki, ya rubuta maƙaloli yana caccakar mutumin da ya shafe rayuwarsa yana bayyana hikimarsa. Abokai da ɗalibansa da dama sun ji zafin abin. Daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a shekarun 1980, ya amsa cewa a wancan lokaci bai tsaya a kan gaskiyar zuciyarsa ba. Har yau masana suna muhawara: wasu suna cewa tsoro ne da kowa zai iya ji, wasu suna cewa wanda ya koyar da mataki na uku da na huɗu bai kamata ya sauko na biyu ba.

Abin da ya yi da ragowar ransa shi ne sake rubuta tarihin falsafar Sin tun daga farko, juzu'i bakwai. Ya fara wannan zagaye yana da shekara sama da tamanin, idanunsa sun kusa mutuwa, yana faɗa ana rubutawa, 'yarsa marubuciya Zong Pu tana kula da shi. Ya kammala a 1990, ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekarar, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 95.

Faɗa yadda aka faɗa, sannan ka ɗora

Feng ya bambanta hanyoyi biyu na mu'amala da ilimin magabata. Ta farko ita ce ka faɗi abin da suka faɗa daidai yadda suka faɗa. Ta biyu ita ce ka ɗora daga inda suka tsaya. A littafinsa na tarihi ya bi hanya ta farko. A littattafansa shida na Kunming ya bi ta biyu, inda ya ɗauki tunanin Zhu Xi, malamin da ya rayu daga 1130 zuwa 1200, ya gina nasa a kai. Tsarin yana da muhimmanci, domin wanda bai iya faɗar maganar malaminsa daidai ba, me zai ɗora a kai? Gini ba ya tsayawa a kan tushen da ba a haƙa ba.

Mai fassara shi ne sarkin hanya ta farko, kuma aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta riƙa juya ilimi tsakanin Larabci da Fulatanci da Hausa don ya isa ga matan da ba su je gaban malami ba. Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga harsuna daban-daban ya yi musu riga da wando na Hausa a Magana Jari Ce. Tsakaninmu da Sin ma akwai gada, don gidan rediyon ƙasar yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a jami'a a Beijing. Su sun koyi harshenmu don su gaya mana abin da suke so mu ji. In muna so mu zaɓi abin da za mu karanta daga cikin iliminsu, mu auna shi da ma'auninmu, sai an sami 'ya'yanmu da za su zauna su yi abin da Bodde ya yi.

Ku ɗin nan da kuke jin Hausa da Turanci, wasunku har da Larabci ko Faransanci, kuna riƙe da abin da iyaye da ƙanne da yawa a gida ba su da shi. Duk abin da kuka karanta a makaranta, daga yadda zazzaɓin cizon sauro yake yaɗuwa zuwa haƙƙoƙin ɗan ƙasa, a kanku yake tsayawa in ba ku iya mayar da shi Hausa mai daɗin ji ba. Kuma fassara gwaji ce da ba ta ƙarya: abin da ka kasa faɗa wa kakarka da Hausa, akwai alamar haddace shi ka yi, ba ka gane shi ba.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki sakin layi guda daga littafinku na ilimin zama ɗan ƙasa ko na kimiyyar halittu, ku fassara shi zuwa Hausa ba tare da kun bar kalmar Turanci ko ɗaya a ciki ba. Ku karanta wa wani a gida wanda bai yi boko ba, ku tambaye shi abin da ya fahimta. Daga nan ku ba abokin karatunku fassarar, ba tare da ya ga asalin ba, ya mayar da ita Turanci, sai ku gwada da littafin ku ga abin da ya zube a hanya da abin da kuka ƙara ba ku sani ba. Sannan ina jiran amsarku a kan tambayar ɗazu: wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da ren, kuma me ya sa? Ku aiko da amsa ta adireshin jaridar nan tare da sunan makarantarku da ajinku, waɗanda suka fi gamsarwa za mu buga su a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, amin.